Cajar Kwamfuta da Gwiwar Inna

Shekarun baya, lokacin ina zangon ƙarshe na kwas ɗin koyarwa da na shiga da furfura a kaina, kwamfutata ta ƙi karɓar caji ana gab da miƙa aikin kammala karatu. Abin da ya tuno mini da labarin shi ne wata daga cikinku masu bibiyar rubutuna da ta rubuto mini tana kuka, wai tata ta mutu, ta jona ta jona ba motsi. Na ce mata ta share hawaye tukuna, ba a zaman makoki kafin a tabbatar da rasuwa. To, ku gyara zama.

Ga wanda bai san ni ba, ni tela ce, shagona yana unguwar Kwararafa a Jos. Ban yi boko da ƙuruciya ba. An sa ni firamare, ban daɗe ba mahaifiyata ta cire ni, domin ita ke suyar waina a bakin tashar Laranto, ni ce babba, kuma tire ba ya ɗaukar kansa zuwa gaban fasinja. Haka na girma ina dangwala yatsa. Asibiti dangwale, banki dangwale. Ranar zaɓe ce kaɗai nake jin ni da kowa ɗaya ne, tunda ranar har mai digiri yatsa yake sawa. Sai da 'ya'yana suka tasa na ɗauki jaka na shiga ajin yaƙi da jahilci. Sunan ma kaɗai ya isa ya kori mutum, kullum sai kin bi ta ƙarƙashin allon da ke kiranki jahila kafin ki zauna. Na haɗiye na zauna. Daga nan na yi jarrabawar sakandare tare da sa'annin 'yata, na faɗi, na sake, na ci, har Allah ya kai ni wannan kwas da ake yi a ƙarshen mako.

Ƙanena ne ya ba ni kwamfutar, irin ta ɗorawa a cinya, ta hannu ce amma lafiyarta ƙalau. Ranar da na karɓe ta na yi wa kaina alkawari ɗaya: aikin kammala karatuna, babu harafi ɗaya da wani zai buga mini. 'Yan ajinmu da hannu suke rubuta nasu su kai shagon buga takardu, a yi musu cikin kwana biyu. Ban ga laifinsu ba. Amma ni na gaji da ganin maganata tana fitowa daga yatsun wasu. Da yatsa biyu nake bugawa, ina neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Maigidana, wanda direba ne a tashar Laranto, in ya leƙo ya gan ni sai ya ce, "Malama, an samo harafin ko har yanzu ana cigiya?" Ni kuma in ce, "Ana cigiya, kuma wanda ya tsinta ba shi da tukwici."

Aikin nawa a kan abin da ke sa mata barin karatu ne. Na bi gidaje a unguwarmu na zauna da mata, sun faɗa mini abin da ba za su faɗa wa mai takalmin ƙwas-ƙwas ba, domin ni tasu ce, ni ke ɗinka musu kayan suna. Na buga komai, saura babi na ƙarshe, wanda a cikinsa zan faɗi abin da na gano da shawarar da nake bayarwa. Malamar da ke duba aikina ta gaya mana ba wasa: ranar Litinin za ta karɓa, wadda ba ta kawo ba sai ta jira 'yan baya, wato wata shekarar. Ni kuwa a shekaruna, shekara ɗaya ba abin da zan bayar kyauta ba ne.

A lokacin mahaifiyata tana gidanmu. Tun rasuwar mahaifina maigidana da kansa ya je ya ɗauko ta, ya ba ta ɗakin da ya fi samun rana. Inna muke ce mata. Tana fama da ciwon gwiwa, kuma watan Agusta ne, kun san sanyin daminar Jos, wanda ke shiga ƙashi ya nemi wurin zama. A ɗakinta nake ajiye kwamfutar, saboda dalili biyu: soket ɗin gefen gadonta ya fi kowanne kamawa a gidan, kuma ba mai shiga ɗakin Inna ya yi taɓe-taɓe ya fito da kunnensa lafiya. Da safe in zan tafi shago sai in jona ta in bari, in na dawo in tarar ta cika.

Abu ɗaya ne a ɗakin nan da ya fi kwamfutata daraja, shi ne rediyon Inna. Tsohon rediyo ne mai cin kaset, na marigayi mahaifina. Gidan batirinsa ya daɗe da yin tsatsa, sai da wuta yake aiki. In an kawo wuta, kafin a kunna ƙwai Inna ta kunna rediyo. Tafsiri, labarai, gaishe-gaishe, amma abin da ba ta yarda ya wuce ta shi ne sanarwar rasuwa. Sai ta kasa kunne ta ji ko akwai wanda ta sani, ta yi masa addu'a, sannan ta ce, "To, yau ma ba ni ba ce, kawo kunun." Ko goge masa ƙura zan yi, tana zaune tana bin hannuna da ido.

Ranar Juma'a da la'asar na dawo na buɗe kwamfuta na fara babin ƙarshe. Ban yi nisa ba ta nuna mini batir ya kusa ƙarewa. Na ce ikon Allah, wuni guda a jone? Na duba, ga wuta, ƙwai na ci, rediyo na magana. Na zare bakin cajar na mayar. 'Yar fitilar nan da ke kamawa a gefe in tana caji, shiru. Na hura ramin, na sake sawa, na juya, na danna. Shiru. Ina cikin haka fuskar ta yi baƙi.

Na dafe kai ina salati. Inna na kan gado ta rufe ƙafafu da bargo. Ta ce, "Lafiya, 'yar nan?" Na ce, "Ta ƙi cin wuta, Inna." Ta ce, "Allah ya kyauta," ta juya fuska wajen bango. Ban kawo komai a raina ba.

Maigidana da ya dawo ya tsaya daga bakin ƙofa, don ba ya shiga ɗakin surukarsa kai tsaye. Ya durƙusa ya gaishe ta, sannan na fito masa da kayan tsakar gida. Ya ɗaga cajar ya duba sama da ƙasa kamar mai sayen akuya, ya ce, "Wutar nan ce ta ƙona ta. Shekaranjiya ba ki ga yadda ta zo da ƙarfi ba? Gobe ki kai wa masu gyara." Sai ya kalli ƙofar ɗakin Inna, ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, ya fasa. Wannan ma na gani, ban karanta shi ba sai daga baya.

Da safiyar Asabar na rufe shago, na naɗe kwamfutar a zani na sa a leda saboda yayyafi, na hau tasi zuwa wajen Tina Junction, inda aka ce akwai mai gyara mai amana. Na tarar da shagon cike, kowa da damuwarsa a hannu. Mai gyaran ba Bahaushe ba ne, amma ɗan Jos ne, Hausa a bakinsa. Da layi ya zo kaina ya ce, "Mama, sannu. Mene ne ya same shi?" Na yi masa bayani. Ya jona cajata, ya danna, ya girgiza kai. Ya ce, "Mama, sai ki bar shi. Zan buɗe ciki in duba, wataƙila wurin caji ne ya lalace, wataƙila babban allo. Ki dawo sati mai zuwa."

Na ce, "Oga, tsaya. Kafin ka yi mata fiɗa, ina da tambaya. Ni tela ce. In kekena ya ƙi ɗinki, ba na fara kwance kansa. Zare nake fara canzawa, sannan allura. Ba ka da wata cajar da za ka gwada mata?"

Mutanen shagon suka yi dariya. Wani ya ce, "Oga, yau ka haɗu da injiniya." Shi ma ya yi dariya, bai ji haushi ba. Ya ce, "Mama, no vex, yi haƙuri, gaskiyarki ne." Ya lalubo cajar wata kwamfuta da aka kawo masa gyara, mai baki irin na tawa, ya duba rubutun jikinta ya duba na tawa, ya jona. 'Yar fitilar ta kama. Wallahi da ba don idon jama'a ba da na yi guɗa.

Ya ce, "Kwamfuta lafiya lau. Caja ne ya mutu." Na ce to a ba ni sabuwa. Ya ce irin wannan bakin ba shi da shi, sai kayansa sun iso, kuma ba kafin Litinin ba. Ya ce akwai na bakin titi da ake cewa suna shiga kowace kwamfuta, amma shi ba zai ba ni shawarar su ba, ya sha ganin abin da suka ƙona. Wadda ya gwada kuwa mai ita yana hanya. Ya bar tawa ta ɗan sha wuta, ya kwafe mini aikina a ɗan filashi, abin nan da ake sokawa a kwamfuta a ajiye rubutu, don kada ya salwanta, sannan ya nuna mini shagon da ke maƙwabtaka da shi. Ya ce, "Ga 'yar'uwana can, tana buga takarda. Ki rubuta sauran da biro, ta buga miki yau yau. Hannunta kamar inji."

Na leƙa na ga yarinyar, yatsunta na gudu ba ta ko kallon haruffa. Na tsaya na ɗan jima. Shawara ce mai kyau, kuma da zuciya ɗaya ya ba ni. Babu wanda zai sani. Malamata ba za ta tambaya ba. Amma ni zan sani, duk ranar da na ɗauki littafin nan na buɗe ƙarshensa, wurin da ya fi kowane wuri zama maganata, zan san yatsun wata ne. Na ce, "Na gode, ɗana. Allah ya yi albarka. Ba ni cajata." Ya ce, "Mama, me za ki yi da gawa?" Na ce, "Gawata ce, ni zan yi mata wanka."

A tasi ina ta tunani. Da safe ina da matsala babba wadda ban san inda take ba. Yanzu na san ba a cikin kwamfutar take ba, tana tsakanin bango da bakin caja. Wannan tazarar kuwa ba ta fi tsawon zanin ɗaurawa ba. In zare ya tsinke a kekena, daga kwarkwaro nake farawa, in bi shi da yatsa ta kowane lungu har ramin allura, ba na tsallake ko'ina. Na ce wutar nan ma hanya take bi, zan bi ta.

Da na isa gida na shimfiɗa tabarma a ɗakin Inna na baje kaya. Allah ya taimake ni akwai wuta. Na fara da bango. Na ɗauko dutsen guga na jona a soket ɗin, ya ɗauki zafi. Soket ya fita daga zargi. Na kama igiyar cajar daga kan da ke shiga bango, na bi ta da yatsa a hankali, kamar yadda nake laluben ƙulli a cikin kalmasa. Lafiya, lafiya, har na iso wurin baƙin abin nan mai nauyi da ke tsakiyar caja, wanda ni bulo nake ce masa. A daidai wuyan igiyar, inda take shiga bulon, na ji ta yi laushi, ta lanƙwashe kamar an daɗe ana karya ta wuri ɗaya. Na ɗan ja, sai ga igiyar ta zare ta fito a hannuna.

Na ce shi ke nan na ƙarasa ta. Da na duba sai na ga ashe haka aka yi ta. Duk zaman da na yi da kwamfutar nan ban san cajar kashi biyu ba ce, igiyar bango daban, bulo da tasa igiyar daban. Ku yi dariya, na ba ku izini. Na mayar na jona a bango, na riƙe wuyan nan na ɗan tanƙwara shi gefe. Wata 'yar koriyar fitila a jikin bulon ta yi ƙyaf ta ɗauke. Na sake. Ƙyaf. Na kashe soket na zauna. Bulo yana da rai. Igiyar bango ce ta karye daga ciki, fatarta kuwa lafiya lau.

To me ya karya ta? Kwamfutar nan a kan teburi take, ba mai taɓawa. Na ɗaga bulon kusa da fuskata ina dubawa, sai hancina ya riga idona. Man zafi. Bulon yana ƙamshin man zafi, jikinsa har da maiƙo. Kuma a tsagar gefensa ga wani siririn zare ja ya maƙale. Zaren nan na san shi, ni na yi wa ɗankwalin kalmasa.

Na ɗago na kalli gado. Inna ta ƙura wa silin ido tana jan carbi da sauri.

Na ce, "Inna."

Ta ce, "Ina lazimi."

Na ce, "Zan jira."

Ta ja ta ja, ta ga ba inda za ni. Ta ajiye carbin ta ce, "To, me? Abu yana nan yana ɗumi a banza, bango yake ɗumamawa? Ni kuma ga gwiwa tana ci na. Rannan ƙafata ta taɓa shi na ji ɗumi mai daɗi, ba irin na gawayi mai hawa kai ba. Sai na jawo shi." Na ce, "Kika yi yaya da shi?" Ta ce, "Na shafa mai, na ɗora shi, na naɗe igiyar na ɗaure da ɗankwali don kada ya zame. In na ji motsinki a zaure in kwance in mayar." Sannan ta ƙara da cewa, "Kuma ya fi duk magungunan asibitinku aiki, in gaya miki."

Na rasa abin yi, dariya ko kuka. Na fito tsakar gida na tarar da maigidana yana alwala. Na ce, "Malam, ka san Inna na ɗaura cajata a gwiwa?" Ya ci gaba da wanke ƙafa, ƙafar da ya riga ya wanke. Na ce, "Da kai nake." Ya ce, "Na taɓa ganin igiya ta bi ta ƙarƙashin bargo." Na ce, "Shi ne ka ce mini wuta ce ta ƙona ta?" Ya ɗago ya ce, "Haba Malama. Ni in buɗe baki in yi maganar abin da surukata ta sa a ƙarƙashin bargonta? Da wane bakin? Gara a ce wuta ce." Kun ji fa. Kunyar surukai ta kusa cinye mini shekara guda.

Ya ce in kawo ya yanke wurin da ya karye ya haɗa ya naɗe da salatif, haka suke yi wa wayar mota. Na ce a'a. Wannan wutar gida ce, kuma a gefen gadon tsohuwa mai bargo. Ban yi karatu don in ƙona uwata ba.

Na koma ɗaki na ɗauki matacciyar igiyar ina juya ta. Bakinta mai rami biyu ne manne da juna, kamar lamba takwas a kwance. Na san na taɓa ganin wannan bakin. Ba a shagon mai gyara ba, nasa da na gani masu rami uku ne. A wani wuri ne da nake gani kullum. Sai idona ya sauka a kan rediyo. Duk ranar da na goge bayansa ina ganin inda igiyarsa ke shiga. Takwas a kwance.

Na rantse muku ban yi niyyar roƙonta ba. Rediyon nan tun rasuwar mahaifina bai taɓa wuni a kashe ba in dai akwai wuta. Shi ne abokin hirarta, shi ne kasuwarta, shi ne zumuncinta. Kuma ba aron sa'a ɗaya nake nema ba, da irin bugun da nake yi sai na cinye ranar da washegari. Na kawar da kai na fara naɗe igiyar.

Inna ta ce, "Me kika gani?" Na ce, "Ba komai." Ta ce, "Ni na haife ki. Idonki ya je can ya dawo." Na gaya mata. Ta kalli rediyon, lokacin ana tsakiyar gaishe-gaishe. Ta yaye bargo, ta sauko da ƙafar nan mai ciwo, ta dafa bango. Na tashi zan kama ta, ta ce, "Zauna." Da kanta ta kashe shi, ta zare igiyar daga bango, ta juya shi ta zare daga baya, ta miƙo mini. Ta ce, "Na taɓa cire ki daga makaranta saboda wainata. Ba zan sake cire ki saboda gwiwata ba. Karɓi."

Tunda nake da ita ba ta taɓa ambaton wannan magana ba, ni ma ban taɓa ba. Na karɓa da hannu biyu.

Maigidana daga bakin ƙofa ya ce, "In ta yi bindiga fa? Na rediyo daban, na kwamfuta daban." Tambaya ce mai kyau. Na sa tabarau na matsa bakin taga. A jikin kowace igiya akwai ƙananan rubutu da lambobi da aka buga a kan roba. Na karanta na tsohuwar, na karanta na rediyon, a bayyane, harafi harafi, yana ji Inna na ji. Iri ɗaya. Ita igiyar, wuta kawai take kaiwa, bulon ne ke tace ta ya ba kwamfuta daidai cikinta. Na yi bisimilla na soka a bulon, ta shige kamar don shi aka yi ta. Na kunna soket. Koriyar fitila ta kama ta tsaya cak, ba ƙyaftawa. Na sa bakin a kwamfuta, ta gefe ma ta kama.

Wannan karon na yi guɗar, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar wa ya haihu.

Na zauna bugu. Ɗakin ya yi tsit yadda ban taɓa jin sa ba, sai ƙarar yayyafi a kwano da ƙwas, ƙwas ɗin yatsuna biyu. Ba a jima ba Inna ta ce, "Tunda kin kashe mini mai magana, sai ki maye gurbinsa. Karanta mini abin da kike rubutawa." Nan na tsayar da bugun. Domin abin da ke gabana a lokacin shi ne bayanin iyaye mata da ke cire 'ya'yansu daga aji su ɗora musu talla. Kuma kun san ni, ban rubuta shi da taushi ba.

Na yi tunanin in tsallake. Sai na ce matar da ta zare igiyar rediyonta ta ba ni ba ta cancanci in karanta mata rabin gaskiya ba. Na karanta duka, ina fassara mata da Hausa, ban rage ko kalma ba. Ta saurara har na kai aya. Ta ce, "Ba ki yi ƙarya ba. Amma ba ki gama ba." Na ce, "Me ya rage?" Ta ce, "Kin rubuta yarinya da tire. Ba ki rubuta uwar da ke gaban tanda tun asuba, da goyo a baya, ba mai kama mata ba. Ku masu karatu in kuna son yarinya ta zauna a aji, ku fara tambayar wa zai ɗauki tiren. In ba ku amsa wannan ba, surutu kuke yi."

Na shiga gidaje da yawa saboda aikin nan, na tambayi mata da yawa, ban taɓa tambayar wadda ke kwance a gefen teburina ba. Na goge shawarata ta farko, na sa tata a gaba. Da yatsuna na buga, amma na rubuta a fili cewa daga bakin wata tsohuwar mai waina na samo ta.

Ranar Litinin na miƙa aikina. Malamata ta buɗe ƙarshen tana karantawa a tsaye, ta kai wurin, ta ɗago ta ce, "Hajiya, wa ya buga miki?" Na ɗaga mata yatsuna biyu. Na ce, "Su ne nan, kuma sun gaji."

Da kayan mai gyara suka iso na koma na gaya masa yadda aka yi. Ya riƙe ciki yana dariya, ya ce tunda yake aikin nan bai taɓa jin caja ta yi jinyar gwiwa ba. Na karɓi sabuwar igiya, na biya ta kasuwa na samo wa Inna robar nan da ake cika wa ruwan zafi. Ta karɓa ta gwada ta ce ba laifi, amma ba ta kai bulo ba, shi ba ya hucewa.

Abin da nake so wadda ta rubuto mini ta ji, da ku duka, shi ne kada baƙin gilashi ya tsorata ku. Ku fara daga bango, ku gwada soket da wani abu. Ku bi igiya da yatsa. Ku duba ko bulon na nuna fitila. Ku nemi a gwada muku wata cajar da ta dace kafin kowa ya ɗauko sukudireba. Kuma ku shinshina, ban da wasa. Ni dai ban san abin da ke cikin kwamfuta ba har gobe, amma na san bin zare, kuma ranar nan na gane cewa shekarun da na yi a kan keke ba zaman jiran boko na yi ba, ilimi ne shi ma.

Sabuwar igiyar, rediyo na sa wa. Tsohuwar tasa na bar ta a jikin cajata, kuma da ita nake buga muku wannan. Inna ta rasu bayan na karɓi takardar shaidata, ta gan ta, ta shafa ta da hannu ta ce a rataye inda baƙi za su gani. Da za a kai sanarwar rasuwarta gidan rediyo, ƙannena suka ce a nemo wanda zai rubuta. Na ce ba wanda za a nemo. Na buɗe kwamfuta na buga da yatsuna biyu, ban yi kuskuren harafi ko ɗaya ba. Washegari da safe na kunna rediyonta, na zauna a bakin gadonta, na ji an karanta ta kamar yadda na rubuta.